Me Toka Ta Ce?

Da saukar ruwan farko na daminar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kuma ban ga dalilin da zai sa alƙalami ya yi rashin kunyar da baki bai taɓa yi ba. A gida Malam muke ce masa. A tasha kuwa, daga nan Hunkuyi har Makarfi da Ikara, in aka ce Mai Toka duk wani tsohon direba ya san wanda ake nufi, kuma sai ya yi murmushi tukuna kafin ya ce Allah Ya jiƙansa.

Duk shekarun nan ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kansa ba. In lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in yi masa addu'a, in koma kan turmina, don ni sana'ata matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Bana ne abu ya faru da ya sa na yi ta magana da shi a zuci, har na ga gara in ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin matan aure in zuba a takarda. Saura ƙiris motar da ke ciyar da gidan nan ta mutu a hannunmu, muna tsaye a kanta, muna yi wa juna barka da lafiyarta. Motar nan kuwa, duk abin da Malam ya bari yana cikinta.

Malam direban a-kori-kura ne tun ina amarya har ya bar duniya, in ban da 'yan shekarun da ya rasa mota. Da rani tumatir da barkono daga fadamun Ikara, da kaka masara da dawa, in rake ya nuna kuma jigilar Makarfi. Ga wanda bai sani ba, don ni ma aure ne ya koya mini, injin mota zafi yake ɗauka kamar tukunya a kan murhu. Ruwa ne ke zagaya cikinsa yana kwaso zafin, ya kai lagireto iska ta fifita shi, ya komo. Abin da ke tura ruwan shi ne famfo, wanda kanikawa ke kira wata-fam. A motocin da, a gaban inji yake a fili, bel ɗin fanka, wato fambel, na juya shi. A cikinsa akwai boris, wato ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, da wata roba da ke tare ruwa kada ya kai ga boris ɗin. A ƙasansa kuma maƙeran sun bar 'yar huda, ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Ba mantuwa suka yi ba. In robar ta fara gajiya, ta nan ruwan da ya tsallake zai ɗiga ƙasa, ya ƙyale boris, ya kuma gaya wa mai mota ya fara shirin sayen wani famfon.

Malam bai san wannan ba lokacin da yake jan motar wani attajiri, muna da ɗa ɗaya. Ya ga ɗigo a ƙasa, ya kai wa wani bakanike na bakin hanya. Mutumin ya leƙa ya ga huda, ya ce ai ga ɓarakar nan. Ya fere tsinke ya cusa, ya bi da sabulu ya liƙe. Ɗigo ya tsaya cak. Malam ya dawo gida yana yabon gwanintarsa, har da cewa zai kai masa rake. Ashe ruwan da aka hana hanya ya juya ya shiga boris ya wanke masa giris. Ba a daɗe ba, tsakanin Ikara da Makarfi, da rana tsaka, boris ya ci, fanka ta karkace ta sassari lagireto, mota ta tsaya da kwandunan tumatir har sama. Tumatir kuwa ba ya jiran bakanike. Kafin a samo kayan gyara daga Zariya ya zama ruwa, yana tsiyaya ta ƙasan bodi.

Mai mota ya karɓe makullinsa, amma ba korar ce ta fi ci wa Malam rai ba. Manoman da suka ba shi kayan sun yi rani guda suna ban ruwa, suka zo suka tsaya a bakin titi suna kallon wahalarsu tana bin kwalta, kuma babu wanda ya zage shi. Ya ce da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a gindin rumbu, ya ce mini, “Asabe, ruwa ba ya ɓata. In bai sauka ƙasa ba, to ya sami masauki a ciki.” Na ɗauka ɓacin rai ne ke sa shi sambatu. Na ajiye masa tuwo na ba shi wuri.

Ya yi shekaru yana noma da 'yan buga-buga kafin Allah Ya hore masa tasa, wata tsohuwa ƙirar Faransa, wadda a da fara ce amma ta iso mana kalar kunun tsamiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Malam ya fasa katangar gidanmu ta gabas ya sa ƙyaure, don motar ta riƙa kwana a ciki kusa da rumbu. Ya kafa duwatsu biyu inda tayoyin gaba za su riƙa tsayawa, kullum wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Da yamma ya ce in share wurin tas, in kwaso tokar murhu in tankaɗe da rariya, in barbaɗa daidai inda inji zai kwana.

Na ce, “Malam, tuwo za a tuƙa a ƙarƙashin motar?”

Ya ce, “Ke dai tankaɗe.”

Da safe da ya dawo daga masallaci ya ja motar baya kaɗan ya kira ni, muka durƙusa. Ga 'yan ɗigo sun fito raɗau a kan farar tokar. A ƙasar tsakar gida ɗigo shanyewa yake yi kafin gari ya waye, amma toka dunƙulewa take yi a wurin, ta riƙe shaidarsa ko ya bushe. Ya shiga koya mini. Wanda ya faɗo tsakiya, daidai ƙarƙashin fambel, famfo ne ke sallama. In ya karkata gefe, tiyo ne ya tsage ko bakinsa ya saki. In can gaba ne, lagireto. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne, wannan wata shari'ar ce daban. Ya ce injin da aka kashe da zafinsa shi ke faɗin gaskiya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abokan gabarmu a wannan aiki kaji ne. Duk wadda ta yi kiwo ta san yadda kaza ke son birgima a toka. Sau nawa muka fito muka tarar sun shafe mana labari, sun bar sawun ƙafa da gashi! Malam da ba ya ɗaga wa mutum murya, na sha ganinsa yana bin zakara da takalmi a hannu. Ƙarshe aka kafa doka: ba a buɗe akurki sai an karanta toka. Da wannan dokar 'ya'yana suka tashi, har autarsu ta ɗauka kowane gida haka ake yi.

Gari kuwa ba ya rasa masu leƙe. Da aka ga motar Malam, duk tsufanta, ba a ganinta a gefen titi da bonet a buɗe, aka kuma ji labarin toka, sai magana ta bazu cewa asiri ne. Daga nan sunan Mai Toka ya bi shi. Ya yi bayani a tasha har ya gaji, in ya faɗi gaskiya sai su ce ai dama ba zai faɗa ba. Wani direba daga Kudan, ba zan kama sunansa ba don yana nan da ransa da jikokinsa, ya aiko matarsa sayen ƙuli-ƙuli, ta faki idona ta ƙulle toka a bakin zane. Shi kuma ya ga barbaɗawa a ƙasa ɓarna ce, gara a kai magani inda ciwon yake. Ya buɗe lagireto ya juye. Motar ba ta kawo Hunkuyi ba ta fara tafasa. Malam ne ya je ya jawo shi da igiya har Makarfi, wurin abokinsa Malam Haladu bakanike, suka wuni suna wanke lagireto. Ranar na ga Malam ya yi dariya har da hawaye, abin da ba kasafai nake gani ba.

Abin da mutanen tasha ba su sani ba, tokar nan ta riƙe abin da ya fi mota. Malam ba shi da daɗin baki. Ban taɓa jin ya yabi girkina ba, sai dai ya cinye ya miƙo kwano. Amma da na gwanance, sai ya zama yakan ja motar baya ya shiga shan koko, ni in duba. Ya fito yana ɗaura agogo ya ce, “Asabe, me toka ta ce?” In na ce lafiya lau, ya ce alhamdu lillahi ya fita. In na ce famfo ya yi magana, ko zuwa ya tabbatar ba ya yi, sai ya aika wa masu kaya su nemi wata motar, ya nufi Makarfi. Namiji ya fasa fitar neman abincinsa a kan maganar matarsa bai sake dubawa ba, ni dai ban san yabon da ya fi wannan ba.

Ko ranar da muka yi faɗa sai an tankaɗe toka. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Nakan kwana ina cika ina batsewa, na rantse ba zan tanka masa ba. Gari na wayewa ya ja mota baya, ya ƙi shiga shan kokon, ya zo ya durƙusa kusa da ni. Mu yi ta kallon ƙasa kamar masu neman allura. Dole dai wani ya ce, “Tiyo ne.” Ɗayan ya ce, “A'a, dubi inda ya faɗo.” Shi ke nan an shirya.

Kada in mai da shi waliyyi don ya mutu. Akwai inda Malam ya kafe a kan kuskure har ya koma ga Allah. Koren ruwan nan da ake sayarwa a galan don lagireto bai taɓa yarda da shi ba. Ya ce an rina ruwa ne ana sayar wa wawaye. Shi ruwan sama yake tarawa a duro da damina, in ya ƙare a koma randa. Malam Haladu ya yi ta gaya masa cewa ruwan nan yana hana tsatsa, tsatsa kuwa ita ke cinye fukafukan famfo ta gurje roba. Malam ya ce, “Haladu, kai dai sa mini sabo.” Haka ya yi ta canza famfo yana zagin maƙera, su kuwa ba su ji ba, ba su gani ba. Toka na gaya masa ciwo da wuri, shi kuma yana ta shayar da motar abin da ke kawo ciwon.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ta fara da kumburin ƙafa, aka kai shi asibiti a Zariya aka dawo da shi. Nasiru, ɗana na uku, wanda shi kam ina iya kiran sunansa, ya karɓi tuƙi. Malam yana kwance yana jin tashin motar ta taga, in na shigo da kunu sai ya ɗago ido ya yi tambayarsa. Safiyar da zai rasu an tashi da yayyafi, iska ta kaɗo ruwa ta jiƙa tokar duka, babu abin karantawa. Ya ce, “Me toka ta ce?” Na ce, “Ta ce damina ta sauka, Malam.” Ya yi murmushi ya ce, “To a fitar da duro.” Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, kafin azahar ya cika. Na yi kuka a lokacin, yanzu ma da nake rubutawa ina yi, amma raina a sanyaye yake, don mutumin ya tafi yana shirin gobe.

Tsohuwar motar ta yi wa Nasiru shekaru tana aiki, ni kuma da takaba da bayan takaba ban fasa tankaɗe ba. Daga baya kayan gyaranta suka yi wuya, sai an je Kano ko a ciro daga gawar wata. Bara waccan 'ya'yan suka zauna suka yi shawara. Aka sayar da ita ga wani manomi a Malikanchi, aka haɗa da fadamar da Malam ya bar musu gado, kowa ya yafe rabonsa, aka sayo 'yar Beljiyam ƙirar Japan mai ƙofa huɗu. Sharaɗin shi ne Nasiru ya ja, gida ya ci, ƙannensa su yi karatu. Na sa albarka, amma ranar da fadamar ta bar hannunmu na kasa cin abinci. Gona ba ta tafasa a hanya.

Nasiru yaron kirki ne. Ya gyara zaman duwatsun daidai da sabuwar, ya bar ni da tokata, ko da yake na san a ransa rigimar tsofaffi yake gani. Shi yana da fitilu a gaban sitiyari masu kamawa in wani abu ya lalace. Kullum toka fes, ko ɗigo, har nakan ce a raina, kai Malam, da ka ga mota! Da bazarar da ta wuce sai ya fara ɗaukar butata yana ƙara wa motar ruwa, da farko jefi-jefi, daga baya kowace safiya. Ya ce zafin gari ne ke shanye shi. Na duba toka, fes. Ya duba fitilunsa, babu wadda ta kama. Shi ya dogara da fitila, ni na dogara da toka, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfin gwiwa. A wani gidan, da an ga mota na shan ruwa haka da tuni tana gareji. Mu da muke taƙama da sanin yoyo mu ne muka zauna, don shaidar da muka gada ta ce babu komai. Sabo turken wawa.

Buta ce ta tona. Wata safiya ya ajiye ta ya shiga shan shayi, na ɗauka na ji ta wayam. Na buɗe baki zan yi masa faɗan barin mini buta babu ruwa, sai idona ya faɗa kan busasshiyar tokar. Na tsaya da buta a hannu ina duban wannan ina duban wancan. Maganar da Malam ya gaya mini a gindin rumbun nan, cewa ruwa ba ya ɓata, wadda na ɗauka sambatu ce, ta dawo mini kamar yanzu ake faɗinta. Ranar kuwa manoman tumatir na jiransa a Ikara da kayan ƙarshen rani, har sun kira shi a waya.

Na ce, “Nasiru, yau ba Ikara za ka ba. Makarfi za ka, wurin Baba Haladu.”

Ya ce, “Haba Inna! Yanzun nan da bakinki kika ce toka ta ce lafiya.”

Na ce, “Toka ta faɗi abin da ta gani, buta ma ta faɗi nata. Ruwan da kake zubawa kullum, ina yake zuwa?”

Ya ce mutane na jiransa, in ya saɓa musu gobe wani za su kira. Gaskiya ya faɗa. Na ce gara su ji haushinsa a gona da su tsaya kallon tumatirinsu a bakin titi. Ya tsaya yana jujjuya makulli, ni kuma ban sani ba ko maganata tana da nauyin da take da shi a da. Can ya zaro waya ya ba wani abokinsa aikin, ya shiga mota, ko sai na dawo bai ce mini ba.

Wajen azahar waya ta yi ƙara. Malam Haladu ne. Ya tsufa yanzu, yana kan benci yana ba da umarni, amma har yau Amarya yake ce mini, ga ni da jikoki cike da tsakar gida. Bayan ya tambayi gida da iyali da zafi da kasuwar mai, ya ce, “Amarya, kin san shayi mai madara? To shi na zaro daga injin ɗanki.”

Ya yi mini bayani yadda zan gane. A irin wannan motar famfon ba a waje yake ba. An cusa shi cikin inji bayan murfi, sarƙa ke juya shi, ƙarƙashinsa kuma kaskon baƙin mai ne. Maƙeran sun bar masa 'yar hanyar da zai ɗigo waje, amma tsatsa da laka sun toshe ta, robar da ke raba ruwa da mai kuma ta mutu. Duk butar da Nasiru ya zuba tana gangarawa cikin mai, man da ruwa ya shiga kuwa ba ya kare ƙarfe. Ya ce, “Da ya ɗora kaya ya kamo hanya da zafin nan, wallahi sai dai ku kira 'yan gwangwan su auna ta. Allah Ya rufa asiri, abin bai kai ga ƙarfe ba.” Na zauna a kan turmi. Fadama nake gani, da fuskokin 'ya'yan da suka yafe rabonsu.

Sai ya ƙara yana dariya, “Randarki ma tana da hannu a ciki. Abokina ya tafi bai yarda da koren ruwa ba, ya bar muku gadon taurin kai. Wannan ba irin tasa ba ce, ba ta shan ruwan rijiya.” Na ce, “Malam Haladu, a bar mamaci ya huta.” Ya ce, “Ina! Shekara da shekaru yana musu da ni, yau na ci.”

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Malam zai ce da ya ga motocin yau. Na san da farko faɗa zai yi. Mutumin da ya fasa katanga don ya ga ɗigo, a ce masa an ɓoye famfo inda ido ba ya kaiwa? Zai ce wanda ya ƙera wannan ɗan'uwan mai tsinke da sabulu ne. Malam Haladu ya ce ba haka ba ne, masu ƙirar suna da hujjarsu: babu fambel ɗin da zai tsinke ya bar famfo a tsaye, kuma in an ba shi ruwan da aka ce yakan yi shekaru ko tari bai yi ba. Mu ne muka yi wa amarya tarbiyyar tsohuwa. Na yarda da Haladu, na kuma san Malam ba zai yarda ba sai ya gama gunaguninsa. Da ya ga yadda ake soka wa mota wata na'ura kamar waya ta rubuto inda ke mata ciwo, ina jin zai leƙa ya leƙa, ya ce ashe su ma toka suke barbaɗawa, tasu ta lantarki ce. Amma ban yi tsammanin zai tsaya kare toka ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da an ce masa ruwa ya canza masauki, tashi zai yi ya bi shi can.

Motar ta yi kwanaki a Makarfi. Aka sa sabon famfo, aka wanke inji aka zuba sabon mai, aka cika ta da koren ruwa, Malam ya yi haƙuri. Yammacin da ta dawo na ɗauko rariya, na mayar. Na ce a raina aikina ya ƙare, motar ta fi ƙarfin idona. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Tun rasuwar Malam, ranar ce na fara jin gidan ya zama babu shi.

Da safe ina hura wuta na ji sallama a bakin madafi. Nasiru ne, ya riƙo gejin mai, dogon tsinken ƙarfen nan, da farin ƙyalle a ɗaya hannun. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba Haladu ya ce kullum kafin a tayar da ita a zaro wannan a shafa a ƙyalle a duba launinsa, a kuma leƙa robar da ake zuba wa motar ruwa a ga inda ruwan ya tsaya. Ya ce, “Ni idona na hanya ne, Inna. Ke kuwa tun kafin a haife ni kike matsar mai, ba wanda zai gaya miki man da ruwa ya taɓa. Kuma jiya ban ga toka ba. Tiyo da lagireto har yanzu ƙasa suke ɗiga.”

Haka muke yi kullum yanzu, toka da yamma, ƙyalle da safe, kaji kuma har yau ba a buɗe musu sai an gama. Fadama ta tafi. Tsohuwar mota tana can Malikanchi tana jan taki. Duron ruwan sama ya koma na wanki, direbobin da suka san Mai Toka kuma suna ta raguwa. Abin da ya saura na Malam bai wuce wannan ba: a gidan nan ba a ɗaukar amanar mutane a fita sai an tsaya an duba, in kuwa wanda aka ba dubawa ya ce a fasa, a fasa. Na auna na ga ya ishe mu. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Amma safiyar farkon nan ce ba ta barin raina. Nasiru ya shafa gejin a ƙyalle ya miƙo mini. Na kai shi bakin ƙofa inda haske yake, na murza da yatsa, na shinshina. Garau yake, kamar man da na tace yanzu. Yana tsaye a kaina yana ɗaura agogo ya ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Lafiya lau, Malam.”

Na ji abin da bakina ya faɗa, Nasiru ma ya ji. Bai gyara mini ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki makulli ya fita.